Dutsen Ƙofar Cocin Serravento

Duk wanda ya kwana biyu a Serravento ya san Farfesa Liborio Santomauro, ko yana so ko ba ya so. Bai taɓa taka ƙofar jami'a da sunan koyarwa ba. Shekara talatin da takwas ya yi yana fama da 'yan firamare, amma a garin nan duk wanda ya taɓa riƙe alli farfesa ne har ya mutu. Da ya yi ritaya sai ya tattara hankalinsa kacokan ya mayar kan cocin Waliyyi Donato, wanda ke tsaye a saman dandali, ya ba kwari baya.

Cocin ba shi da wani girma. Ginshiƙai shida ne a ciki, uku a dama uku a hagu, sai rufi mai lanƙwasa kamar an kifa kwale-kwale, an shafe shi da farar ƙasa sau ba adadi. Hasumiyar ƙararrawa gajeriya ce, ta ɗan karkata wajen shagon aski kamar mai son jin gulmar da ake yi a ciki. Amma a saman ƙaramar ƙofar gefe, wadda tsofaffin mata ke bi da sassafe, akwai wani dogon dutse a kwance, ya kai tsawon mutum ɗaya da rabi. An sassaƙa masa reshen inabi da tsuntsaye biyu suna tsattsagar 'ya'yan, a tsakiya kuma ga shekara da lambobin Romawa: 1187.

A kan wannan dutse Liborio ya ɗora littafinsa mai shafi casa'in da shida, a kan littafin kuma garin ya ɗora girman kansa. Dalili kuwa, a can ƙetaren kwari akwai garin Fontanarda. Fontanarda na da tashar jirgin ƙasa, tana da asibiti, tana da 'yan ƙwallon da ke lallasa na Serravento duk shekara ba fashi. Sai dai takarda mafi tsufa da ta ambaci cocinsu na Waliyyi Vito ta shekarar 1240 ce. Shekara hamsin da uku ke nan tsakani. Ba a taɓa tashi daga biki ko jana'iza ko faɗan filin ƙwallo ba sai wani ɗan Serravento ya tuna wa mutanen ƙetare cewa lokacin da kakannin Serravento ke durƙuso gaban bagade, na Fontanarda suna can suna bin awaki a kan duwatsu.

Fada ɗaya ne ke riƙe da coci biyun, Don Fedele, wani gajeren tsoho mai fama da ciwon ƙafa. Yakan yi sujadar safe a Serravento, ya shiga 'yar motarsa ya gangara kwari ya haura, ya maimaita wa'azin nan dai a Fontanarda da ƙarfe goma sha ɗaya. In aka tambaye shi wane coci ya girmi wani, sai ya ce, "Ni dai abin da na sani, duka biyun yoyo suke yi."

Yoyon ne ma ya jawo komai. Wata Lahadi a watan Maris, ana tsakiyar waƙa, wani ɓangaren yaɓe mai faɗin faifai ya ɓallo daga rufi ya tarwatse a kan bencin da matar magajin gari ta tashi daga kai yanzun nan ta nufi bagade. Abin da Don Fedele ya shekara bakwai yana rubuta wasiƙu a kai sai ga shi an yi cikin wata biyu. Hukumar kula da tsofaffin gine-gine ta turo ma'aikata da ƙarafa da katakan hawa, tare da wata ƙwararriya, Dakta Tiziana Bellomo, 'yar shekara arba'in da ɗoriya, mai gajeren gashi da takalman maza.

Liborio ya tarbe ta da littafinsa, har ya sa mata hannu a shafin farko. Ta yi godiya, ta ce ai ta riga ta karanta.

"To, yaya kika gani?"

"Kana son cocin nan, Farfesa. Wannan kam a fili yake."

Ya koma gida yana jujjuya maganar, ya kasa gane ko yabo ne ko akasinsa.

Akwai abin da Liborio bai taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara talatin da suka wuce, yana tattara bayanan littafin, ya buɗe wani tsohon akwati a ɗakin da fada ke sa tufafin ibada, ya sami kundin Don Prospero, wanda shi ne fada lokacin babbar girgizar ƙasar 1857. Yawancin kundin sunayen matattu ne, shafi bayan shafi. Can wajen ƙarshe ya ci karo da layi uku: "Yau tara ga Afrilu, 1858, mutum tara da shanu huɗu suka hawo da dutsen daga Fontanarda. Allah ya gafarta mana abin da muka yi wa maƙwabtanmu." A ƙasa ga sunayen mutum taran, na farkonsu kuwa Liborio Santomauro mai amalanke, kakan kakansa wanda shi Farfesa ya ci sunansa. Ya rufe kundin a ranar, ya ce wa kansa ai duwatsu suna da yawa a duniya, wa ya ce wannan ake nufi? A littafinsa ya rubuta cewa girgizar ƙasar ta ɗan taɓa cocin.

Sati uku da fara aiki Tiziana ta aika a kira shi. Ya same ta can sama a kan katakai, ta yafito shi. Ya hau da ƙyar, gwiwoyi na ƙara, ta kamo hannunsa a matakin ƙarshe. An kankare yaɓen rufin wajen taku huɗu, abin da ke ƙarƙashi kuma ba dutse ba ne, ba tubali ba. Ƙananan tukwane ne na yumɓu, kowacce kamar kofin shan ruwa, an kifa su an jera gefe da gefe cikin kwaɓi, ɗaruruwa, sai ka ce saƙar zuma.

"Ka ga wannan?" ta ce. "Dukan rufin haka yake, tukunya ta fi dubu goma sha biyu. Wanda ya yi wannan ya ga rufin dutse ya faɗo wa mutane, shi ya sa ya nemi abin da ba shi da nauyi. Taɓa nan."

Ya taɓa. A gindin tukunyar akwai sawun ɗan yatsa, siriri.

"Waɗanda suka tsira ne suka zauna suka gina tukwanen nan, har mata da tsofaffi. Na sha gani a littattafai, amma ban taɓa ganin mai girman wannan a tsaye ba."

"Na wane zamani ne?" Liborio ya tambaya, alhali ya san amsa.

"Bayan girgizar ƙasa. Bango, ginshiƙai, hasumiya, duka. Na haƙa har tushe a wuri uku, Farfesa. Ko tsohon cocin da ya rushe bai fi shekara ɗari biyu a tsaye ba kafin ya faɗi."

"Dutsen ƙofa fa?"

"Shi kam tsoho ne, da gaske na 1187 ne. Zo ka gani."

Suka sauko suka zagaya ƙofar gefe. An cire yaɓen da ya rufe hagun dutsen, wurin da ya shige cikin bango. Ga wasu haruffa nan da suka shekara ɗari da hamsin a ɓoye, tas da su kamar jiya aka sassaƙa. Liborio ya iya Latin daidai gwargwado, bai buƙaci mai fassara ba. An rubuta: domin Waliyyi Vito, daga mutanen Fontanarda.

Kafin tsakar rana labari ya kai shagon Mastro Gerardo mai aski, inda duk wata shari'ar garin ke farawa. Liborio ya zo wucewa aka jawo shi ciki.

"Ƙarya take yi!" in ji Gerardo, yana kaɗa almakashi a saman wani bawan Allah da aka aske wa rabin kai. "Yarinyar da ta zo jiya-jiya da takalman ƙarti, ita za ta koya mana tarihin cocin da aka yi mana baftisma a ciki? Ku bincika, za ku tarar uwarta 'yar Fontanarda ce."

"An ce 'yar bakin teku ce," in ji mai rabin aski.

"To ai su suka fi kowa shirga ta, iskar teku ke kwashe musu hankali. Kai kuma daina motsi, in ba so kake ka koma gida da kunne ɗaya ba. Farfesa, faɗa musu mana! Shekara talatin kana kwance cikin takardun nan, da akwai wani abu ai da ka gani."

Liborio ya dafe kumatu, ya ce haƙori ke damunsa, ya fice.

Garin ya juya wa Tiziana baya. Mai shagon kofi ya daina sa mata biskit a gefen faranti. Tsohuwar da ta ba ta ɗaki ta fara mantawa da kunna ruwan zafi. Magajin gari da kansa ya zo da shawarar a mayar da yaɓen yadda yake, tunda haka kakanni suka ga ya dace, kuma a bar kaza cikin gashinta. Tiziana ta ce hotuna sun riga sun isa birni. Shi kuwa Liborio sai aka shiga yi masa jaje kamar wanda aka yi wa rasuwa. Wannan ta kawo ƙwai, waccan ta kawo cuku, kowa na cewa, "Kada ka damu, Farfesa, muna bayanka." Kowane ƙwai ya karɓa sai ya ji ya fi dutsen nauyi.

Matarsa Nunziata 'yar Fontanarda ce, laifin da mutanen gari suka yafe mata tun tuni saboda iya taliya. Shekararsu arba'in da biyu da aure. Ranar wata Alhamis da rana ta ajiye masa kwanon taliya da soyayyen busasshen barkono, ta zauna tana kallonsa yana ta juya cokali.

"Ci, Libo. Dutse ba ya jin yunwa, kai kana ji."

"Nunzia, akwai maganar da ta shekara talatin tana cina."

Ya kwashe labarin kundin ya faɗa mata, kai a sunkuye, kamar mai furta zunubi gaban fada. Ta saurara har ya kai aya, sannan ta turo masa kwandon burodi.

"Shi ke nan?"

"Kamar yaya shi ke nan? Kakan kakana ɓarawo ne, ni kuma maƙaryaci!"

"To ai ko jinjiri a Fontanarda ya san ƙofarmu ce. Me kake zato ya sa muke ce muku 'yan ɗauke ƙofa?"

"Na yi bayanin wannan a shafi na sittin da ɗaya. Saboda karamci ne, ƙofofinmu kullum a buɗe suke kamar an ɗauke su."

"Na sani. Ni na buga maka shafin a tafireta, har sau biyu, don ka ce waƙafi ya yi yawa."

Ya ajiye cokali. "Kin sani, kika yi shiru?"

"Ka tambaye ni? Ka bi tsofaffin garin nan gida-gida da ɗan littafinka, har kurman nan Nardo ka zauna da shi yini guda kuna ihu. Ni kuwa ina nan ina dafa maka abinci. Kuma ranar da aka kawo littafin daga maɗaba'a na ga fuskarka. Da wane baki zan ɓata maka? Ci, ya huce."

Ya ci. Bai tuna ranar da ya cinye kwano tas irin wannan ba tun farkon bazara.

Bikin Waliyyi Donato ya zo ranar bakwai ga Agusta. An gama gyaran rufi, an kwashe katakai, 'yan garin da ke aiki a Jamus da arewacin ƙasar duk sun dawo hutu da manyan motoci. Kamar kowace shekara, Liborio ne zai yi jawabi bayan an fito da mutum-mutumin waliyyi. Magajin gari ya riƙe masa hannu da hannu biyu ya ce, "Yau sai ka wanke mu, Farfesa."

Ya tsaya gaban ƙofar gefe cikin baƙar kwat ɗinsa ta jana'iza, kundin Don Prospero a hammata. Dandali ya cika maƙil, 'yan badujala sun sauke ƙahonninsu. Tiziana na can nesa a jingine da bangon gidan waya, ita kaɗai. Ya yi gyaran murya, ya ce littafinsa kuskure ne, kuma ya san kuskure ne tun kafin a buga shi. Ya ce cocinsu bai kai shekara ɗari da sittin ba. Ya buɗe kundin ya karanta layi ukun, sannan ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya fara da nasa. Da ya gama sai ya rufe ido yana jiran abin da zai biyo baya.

Muryar Gerardo ce ta fara fitowa. "Farfesa, sake karanto na huɗun nan."

"Donato Laviero, maƙeri."

"Laviero! Kakanmu ne! Wallahi kakanmu ne!" Ya juya yana dukan ƙirji. "Kun ji? Shanu huɗu kacal! Wannan ƙaton dutsen!"

"Kilomita goma sha ɗaya fa," wani ya ce daga baya, "rabi duk hawa ne."

"Da rana tsaka, a gaban idonsu!"

"Suna barci bayan sun cika ciki da wake!"

Babu rana tsaka ko wake a cikin kundin, amma kafin Liborio ya buɗe baki dandali ya ɗauki tafi da sowa. Wata tsohuwa ta fashe da kukan daɗi, don ta ji sunan gidan mijinta. 'Yan badujala suka busa ba tare da an ba su izini ba. Liborio ya ɗaga hannu yana cewa, "Ku tsaya, ban gama ba, akwai maganar rufi, akwai tukwane dubu goma sha biyu da iyayenmu suka gina da hannunsu." Ba wanda ya ji. Wasu samari huɗu suka sunkuce shi a kafaɗa suka zagaya dandali da shi sau biyu, a bayan waliyyi, yana riƙe da kundin da hannu ɗaya, hula da ɗaya.

Washegari biskit biyu aka sa wa Tiziana a gefen kofi. Ranar da za ta koma birni ta biyo ta yi wa Liborio sallama.

"Na yi aiki a coci goma sha tara," ta ce, "ban taɓa ganin garin da aka ce musu ɓarayi suka yi biki ba."

"Ni ma a nan aka haife ni, 'yata, kuma sai yanzu nake ganinsu."

Daga nan kuma sai wata sabuwar wahala ta taso. Majalisar gari ta yanke shawarar kafa allon marmara kusa da ƙofar, da sunayen jaruman. Gidan Liborio ya koma kamar ofishin rajista. Wannan ya zo ya ce, "Duba da kyau, Farfesa, tawadar ta dushe, wannan ba Lorusso ba ne kuwa?" Waccan ta ce kakarta ta sha faɗa mata cewa mijin yayarta shi ya riƙe igiyar sa na gaba. Liborio ya yi ta cewa tara ne, tara Don Prospero ya rubuta. Aka ce ai fada ba ya nan lokacin da aka yi abin, waɗanda ya gani a ƙofar coci kawai ya lissafa. Ranar da aka buɗe allon, suna talatin da ɗaya ne a jiki.

Mutanen Fontanarda ma ba su yi asara ba. Yanzu 1187 tasu ce, ga kuma daɗin zama wanda aka zalunta. Magajin garinsu ya rubuto wasiƙa mai zafi yana neman a mayar musu da dutsensu. Injiniyoyi suka duba suka ce in aka zare shi rabin bango zai biyo shi. Kowane ɓangare ya ji daɗin wannan amsa, don an sami abin zagi na wasu shekaru ɗari.

Wata safiya a watan Oktoba, bayan sujada, Don Fedele ya tsayar da 'yar motarsa a gaban Liborio ya buɗe ƙofa.

"Shigo, Farfesa, raka ni ƙetare."

"Me zan yi a can, Fada? Jifana za su yi."

"Matarka 'yar can ce, ba ta jefe ka ba tukuna. Shigo."

A ɗakin tufafin cocin Waliyyi Vito, Don Fedele ya jawo wani kundi daga kabad ya buɗe masa wurin da aka sa alama da guntun zare. Shekara talatin Liborio yana bin tarihin coci, bai taɓa tunanin leƙa takardun Fontanarda ba, don a ganinsa me mutanen awaki za su rubuta? Ya sa tabarau. Rubutun fadan Fontanarda ne na wancan zamani, ranar tara ga Afrilu, 1858:

"Mutanen Serravento sun binne kashi ɗaya cikin uku na jama'arsu, ba su da wurin addu'a. Dattawanmu sun yarda mu ba su dutsen ƙofar tsohon ɗakin addu'armu da ya rushe, da burodi arba'in, da maginanmu biyu, Mastro Egidio da ƙaninsa, waɗanda suka iya rufin tukwane. Sun karɓi dutse, sun karɓi magina. Burodin kuwa sun mayar, wai Serravento ba ta bara. Sun ƙi shanunmu, suka ce da nasu za su ja, kada a ga shanun Fontanarda a dandalinsu. Sun kuma gaya mini a fuskata cewa za su shafe sunanmu da yaɓe. Ba wanda ya ce an gode. Allah ya sa musu albarka, don ni yau bakina ya ƙi."

Liborio ya karanta sau biyu, ya nemi kujera ya zauna.

"Kyauta ce ashe."

"Kyauta ce."

"Har rufin ma su suka yi mana."

"Har rufin."

"Tun yaushe ka san da wannan, Fada?"

"Tun shekarar da na zo. Sau biyu ina karanta shi cikin wa'azi, nan da can."

"Ni ban taɓa ji ba."

"Ai wa'azi ne, Farfesa. Wa ke ji?"

Da la'asar Liborio ya shiga shagon aski da takardar da ya kwafo. Wannan karon bai yi maganar haƙori ba, ya tsaya a tsakiyar shago ya karanta daga farko har ƙarshe. Gerardo ya saurara yana wasa aska a jikin fata, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Farfesa, kai mutumin kirki ne, shi ya sa kowa ke ruɗinka. Me kake so fadansu ya rubuta? 'An sace mana ƙofa muna minshari'? Dole ya ce kyauta ce, don rufin asiri."

"To burodin fa?"

"Burodin na yarda da shi. Mun mayar, kuma ko yau suka kawo sai mun mayar. Ka taɓa cin burodin Fontanarda? Da shi ya kamata a gina hasumiya."

Shago ya kwashe da dariya, aka koma hirar ƙwallo.

Ya ɗauka ko a gida zai sami mai goyon baya, tunda labarin ya wanke mutanen Nunziata, ya nuna su masu alheri. Tana gugar riga ya karanta mata. Ta dangwarar da dutsen guga.

"Kyauta? Mu? Mu ba ku ƙofa, da wane dalili? Kakata ba ta ƙarya, Libo. Sata aka yi, kuma kakan kakanka ne ya ja gaba."

Ya rubuta wa magajin garin Fontanarda, bai sami amsa ba. Ya buga ɗan ƙaramin littafi mai shafi goma sha biyu a kan Mastro Egidio da rufin tukwane. Tiziana ta rubuto masa doguwar wasiƙar yabo, ta ce ta raba wa ɗalibanta. A Serravento kowa ya karɓa da hannu biyu, ya ce zai karanta in an gama girbin zaitun.

Da Agusta ta zagayo, majalisa ta ƙara wani sabon abu a bikin waliyyi: za a riƙa kwaikwayon hawo da dutsen. Aka sassaƙa katako da siffar dutsen aka yi masa fenti, aka gyara wata tsohuwar amalanke, aka ɗinka wa maza talatin da ɗaya rigunan zamanin da, da jan ƙyalle a wuya. Liborio, a matsayinsa na jikan shugaban ɓarayi, shi aka ce zai zauna a kan amalanke. Ya ƙi, ya sake ƙi, sai Don Fedele ya ce masa, "Hau mana. In ba ka hau ba Gerardo zai hau, kuma jawabi zai yi."

Aka taso daga gadar kwari da hantsi. Mutanen Fontanarda sun yi dafifi a bakin hanya suna ihun "'Yan ɗauke ƙofa! Ɓarayi!" suna kuma sayar wa 'yan kallo gasasshen nama da ruwan inabi. Nunziata na cikinsu da 'yan'uwanta mata, muryarta ta fi ta kowa. Da amalanke ta zo daidai ita ta miƙo wa mijinta hularsa da ya manta, ta ce rana za ta yi zafi, sannan ta koma ta ci gaba da zaginsa.

Liborio ya lura da wani ƙaƙƙarfan mutum da ke tafe a gefen shanu, da jan ƙyalle kamar kowa, ya ja hula ya rufe rabin fuska. Sai da ya dube shi da kyau ya gane shi. Wani manomi ne ɗan Fontanarda, dangin Nunziata na nesa. Rabon Serravento da sa mai jan kaya ya fi shekara talatin, don haka tun da sassafe aka kawo shanun manomin guda huɗu a babbar mota ta bayan gari.

Mutumin ya matso ya yi ƙasa da murya. "Farfesa, don Allah kada ka faɗa wa kowa."

"Kwantar da hankalinka, ɗana. Ko na faɗa ba komai."

A tsakiyar hawa, daidai kwanar maƙabarta, shanun suka tsaya cak. Gerardo ya yi musu tsawa, suka dube shi suna tuƙa. Maza talatin suka sa kafaɗa suka tura, amalanke ta ɗan ja da baya, 'yan badujala da ke biye suka watse. Manomin ya waiga hagu da dama, ya ga ba makawa. Ya ɗaga kai ya kira shanunsa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da karin harshen Fontanarda tsantsa, mai jan wasali, wanda ko kurma zai gane. Shanun suka miƙa wuya suka ja.

Kowa ya ji. Gerardo ya ɗaga kai yana nazarin gajimare, magajin gari ya shiga gyaran ƙyallen wuyansa. Sai wani ya fara tafi, 'yan badujala suka tattaru suka busa, aka ci gaba da hawa. Liborio na zaune a kan dutsen katako, ya riƙe gefen amalanke da hannu biyu, dariya na cinsa har hawaye na gangaro masa. Matan da ke bakin hanya suka riƙa nuna shi suna cewa, "Allah sarki, Farfesa, ya tuna da kakansa."